Mota Ta Ƙi Tashi: Kasa Kunne Kafin Ka Buɗe Aljihu

Duk mai bin hanyar Basawa a Zariya da sassafe a watan Disamba ko Janairu ya saba ganin wannan: hazo ya sauko, yara na tafiya makaranta a ƙudundune, a ƙofar wani gida kuma an ɗaga bonet, mutum huɗu ko biyar sun yi wa mota zobe, kowa da fatawarsa. Wannan ya ce batir ne, wancan ya ce fulogi ne, na gefe ya ce ku dai kama mu tura. Mai motar, ko ɗansa da aka miƙa wa makulli ya kai ƙanne makaranta, tuni ya zaro waya. Bakanike ya ɗauka ya ce me ya faru, sai a ce masa: "Oga, ta ƙi tashi." Iyakar bayanin ke nan.

Ƙannena maza da mata, da yawanku yanzu kun fara riƙe sitiyari. Wani motar gida yake ja, wani an ba shi Golf yana jigila tsakanin Samaru da Sabon Gari, wata ta kama aiki ta tara kuɗi ta sayi 'yar Corolla ta hannu, wani kuma yaron gareji ne mai jiran ranar yaye. Magana ɗaya nake da ita gare ku duka: motar da ta ƙi tashi takan faɗi dalilinta tun a daƙiƙun farko, da irin ƙarar da ta yi, ko shirun da ta yi, da fitilun da ke gaban direba. Wanda ya natsu ya saurara ya rage wa kansa wahala. Wanda bai saurara ba zai biya kuɗin canke, a sauya wannan a sauya wancan har a dace.

To, kashe rediyo, kashe fanka da na'urar sanyi, ka roƙi masu fatawa su ɗan yi shiru. Murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, ka tsaya a nan. Sun kama da haske, ko dishi-dishi suke? Kasa kunne wajen kujerar baya: a motar injekta za ka ji ɗan zuuu na kimanin daƙiƙa biyu, famfon mai ne ke cika layi. Sannan ka murɗa har ƙarshe. Ko dai inji ya ƙi juyawa sam, ko ya juya lafiya ya ƙi kamawa, ko ya kama ya mutu nan take. Kowanne da hanyar da ake bin sa. Mutumin da injinsa ke juyawa da ƙarfi, amma ya tafi sayen sabon batir, kuɗinsa kawai ya zubar.

Mu fara da wadda inji bai juya ba, don ita ta fi yawa a wajenmu. Idan ka ji tak-tak-tak a jere da sauri, fitilun dashbod suna ƙiftawa tare da ƙarar, wuta ce ta yi kaɗan. Kik, wato ɗan injin lantarkin da ke fara juya babban inji, yana da haɗama. A 'yan daƙiƙun nan yakan ja wutar da ta haura amfiya 100. Don haka batirin da ya iya kunna rediyo da hon ba lallai ya iya ɗaukarsa ba, kada ƙarar hon ta ruɗe ka. Ga gwajin da ba ya cin ko kwabo: kunna manyan fitilu, sa wani ya tsaya a gaba, ka murɗa makulli. In fitilun suka dushe sosai ko suka mutu, nemi laifin a batir ko kawunansa. In suka tsaya tar amma ko motsi babu, wutar ce ba ta isa kik ba, ko shi kansa ya gaza.

Kafin ka yanke wa batir hukunci, kama kansa ka girgiza. Sau nawa ake ɗauko bakanike tun daga Kwangila ko Palladan, a biya masa kuɗin babur zuwa da dawowa, ya zo ya ɗaure noti ɗaya da sifana mai lamba 10, ya karɓi kuɗin aiki? Ban ga laifinsa ba, tafiyarsa aka biya. Ramukan hanyoyin cikin unguwa, na Hayin Dogo ne ko na Bomo, suna sassauta kan batir a hankali. Wani lokaci kuma za ka tarar da wani gari fari mai ratsin kore ya taru a kan dalmar, har ya shiga tsakaninta da maɗaurin, yana tare wuta. Kwance baƙin kai tukuna, mai alamar ɗebewa, sannan ja mai alamar tarawa. Wajen mayarwa ja ne farko, baƙi ƙarshe. Dalili kuwa, jikin mota gaba ɗaya a haɗe yake da baƙin kai. In ka fara da ja, sifana ta kuskure ta taɓa ƙarfe, tartsatsin da zai tashi ya isa ya ƙona maka hannu. Jiƙa 'yar kanwa a ruwan ɗumi ka wanke wurin da tsohon buroshin haƙori. Za ka ga yana kumfa, kanwar ce ke kashe asid. Ka dai kiyaye kada ruwan ya shiga ramukan batir. Goge, kankare dalmar da sanfefa har ta yi ƙyalli, ɗaure tam, ka shafa ɗan giris a kai. Abin da ba na son gani shi ne dukan kan batir da dutse, ko cusa ƙusa a tsakani don ya matse. Motar za ta tashi yau, amma duka yana fasa gindin dalmar, asid ya riƙa tsattsafowa, garin nan ya dawo ninki. Kafin ka rufe bonet, bi baƙar wayar har inda aka ɗaure ta a jikin mota da jikin inji, wadda masu wayarin ke kira at. In ta yi tsatsa ko ta kusa tsinkewa, ko batir sabo dal ba zai ta da motar ba.

Mutane suna ɗora wa hunturu laifin kashe batir, ni kuwa bazara nake tuhuma. Zafin Maris da Afrilu, wanda a Zariya kan doshi digiri 40, ga na inji a ƙarƙashin bonet, shi ke ƙone ruwan batir yana cin farantan dalmar ciki. Hunturu asiri kawai yake tonawa: da sanyin asuba ƙarfin batir yana raguwa, baƙin mai ya yi kauri, inji ya yi nauyin juyawa, sai raunin ya fito fili. Shi ya sa a ƙasarmu da wuya batir ya wuce shekara biyu zuwa uku da ƙarfinsa. Ga kuma gajeren zango. Daga Basawa zuwa bakin ƙofar jami'a tafiyar 'yan mintoci ce; in kullum iyakar aikin motar ke nan, ga fitilu ga na'urar sanyi ga cajin waya, altaneta mai cajin batir ba ta samun sukunin mayar da abin da kik ya zuƙa. Ajiya ma tana ci. Waɗanda suka ga yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya kai wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, sun san yadda Samaru ta yi tsit. Duk wanda ya rufe mota da tamfol ya bar gari a irin wannan lokaci, ya dawo da shirin batir.

Akwai 'yar mitar gwajin wuta da masu kayan lantarki ke sayarwa a kasuwar Sabon Gari, kuɗinta bai kai na rabin tanki ba. Sayi ɗaya. Batirin da ya cika ya huta zai nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. In 12.2 ya nuna, saura rabi. Ƙasa da 12, ya zube. In an yi masa caji ya cika, amma da an murɗa makulli ya faɗi ƙasa da 9.6, ya gama yayinsa.

Idan ƙara ɗaya ka ji, ƙat, fitilu kuma ba su dushe ba, hankali ya koma kan kik. Yawanci burushin cikinsa ne ya cinye. Direbobin tasha suna ƙwanƙwasa jikinsa da ƙarfe yayin da wani ke murɗa makulli, kuma takan ci, don girgizar tana sa burushin ya sake taɓawa. Dabarar fita daga daji ce, a yi ta a hankali, domin maganaɗisun cikin kik na zamani yana fashewa. Da an isa gari a kai wa mai wayarin. Sau da yawa burushi kawai zai sauya, ba sai an sayi kik sukutum ba.

Shiru ɗungum kuwa, ga fitilu tar, wani lokaci abin dariya ne. Mota mai otomatik ba ta tashi sai giya na kan P ko N. Taka birki, motsa giyar, gwada a N. Mai maɓallin dannawa, ƙaramin batirin cikin rimot ne kan mutu. Kara rimot ɗin a jikin maɓallin ka danna, yawancinsu za su amsa. Sai makullin da aka yanko a kasuwa. Motoci da yawa daga ƙarshen shekarun 1990 suna da 'yar ƙwayar lantarki a kan makulli wadda kwamfutar mota ke tantancewa. Yankakken makulli zai buɗe ƙofa, zai murɗa, inji ma yana iya juyawa, amma ba za a saki mai ba. In ka ga hoton makulli yana ƙiftawa a dashbod, nemo na asali kafin ka bari a taɓa ko waya ɗaya.

Yanzu maganar turi da jona batir, inda aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Mota mai otomatik ba ta tashi da turi, ko samarin unguwa duka za su taru. Mai giyar hannu ana turawa: makulli a kunne, giya ta biyu, kuloci a ƙasa, in ta ɗauki gudu ka saki. Amma in batir ya mutu murus, ko fitila ba ta kamawa, da wuya turi ya ta da motar injekta, don famfo da kwamfuta suna jiran wuta. Ka kuma tuna, muddin inji a kashe yake birki tauri yake yi, sitiyari ya yi nauyi. Kada ka yarda a turo ka ka faɗo babban titin Samaru, inda tireloli da tankokin da suka nufi Funtuwa da Sakkwato ke wucewa.

Wajen jonawa, jar waya daga jan kan mataccen batir zuwa jan kan mai rai. Baƙar waya daga baƙin kan mai rai zuwa wani ƙarfe a jikin injin motar da ta mutu, nesa da batir, saboda batir yana fitar da iskar da ke kamawa da tartsatsi. Duba alamun da idonka, da tocila in dare ne. Juya kawunan na ƙiftawar ido ya isa ya ƙone altaneta ko kwamfutar mota, wadda 'yan gareji ke kira birenbos. Akwai kuma al'adar da ta zame mana jiki: a ɗora batirin aro a ta da mota, a cire shi inji na aiki a mayar da mataccen, ko a zare kan batir wai a ga ko altaneta na caji. Wannan gadon zamanin Peugeot 504 ne. Lokacin da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, motar kafireta ce da kwantak, ba ta da kwamfutar da za ta ƙone, iyayenmu da sukundireba da guntun sanfefa suke ta da ita a gefen hanya. Motar yau in aka zare mata batir tana aiki, wutar altaneta takan yi tsalle ta haura abin da na'urorinta ke iya ɗauka. Garin neman gira a rasa ido. Mita za ta ba da amsar ba tare da an zare komai ba.

To, ga inji yana juyawa garau amma ya ƙi kamawa. Nan ka ƙyale batir, ka daina naci. Kada murɗa ɗaya ta wuce daƙiƙa 10, ka kuma ba kik rabin minti ya huce, in ba haka ba za ka ƙara mataccen batir da ƙonannen kik a kan matsalar farko. Inji yana son mai, da wuta a bakin fulogi, da iska, su kuma haɗu a kan lokaci. Ɗaya daga ciki ne ya yi fashi.

Fara da tambayar da kowa ke jin kunyarta: akwai mai? Allurar tsohuwar mota tana ƙarya, balle in an faka a gangare. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta wuce 1,000, akasarinmu muka koma shan mai cokali-cokali, fitilar rizab ba ta mutuwa. Na san halin da ake ciki, ba gori nake yi ba. Sai dai ku san abin da hakan ke jawowa: famfon a cikin tanki yake zaune, fetur ɗin da ya nutse a ciki shi ke sanyaya shi. Tankin da kullum yake ƙasa yana sa famfo ya yi zafi, ya riƙa zuƙo iska da datti, har ya mutu. In da hali kada ya sauka ƙasa da kwata. Man da za ka ƙona a mako duk ɗaya ne. Cikon farko ne kawai mai nauyi.

Idan ba ka ji zuuu ɗin famfo ba, kada ka yi saurin yi masa ta'aziyya. Buɗe akwatin fis, a bayan murfinsa akwai zanen da ke nuna na kowane abu. Zaro na famfo ka ɗaga shi wajen haske ka ga ko zaren ciki ya tsinke. Akwai kuma rile, ɗan akwati mai ƙafafu. A motoci da yawa na hon da na famfo iri ɗaya ne, sai ka musanya su ka gwada. Fis ɗin da ya ƙone a mayar da mai lamba irin tasa, 15 a gurbin 15. In sabon ya sake ƙonewa, akwai wayar da ke taɓa jiki. Naɗa masa zaren waya ko takardar kwalin sigari, da haka mota ke kamawa da wuta a tsakiyar titi.

Tambayi kanka kuma: a ina na sha mai na ƙarshe? A Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, hukumomi da bakinsu suka amsa, motoci suka lalace, layi ya dawo gidajen mai. In haka ta faru da man da ya biyo ta tashar jirgin ruwa da takardunsa, ina ga jarkar bumburutu da ta kwana a buɗe cikin damina? Motar da jiya lafiyarta ƙalau, aka zuba mata galan a bakin hanya, yau tana shaƙewa ko ta ƙi kamawa, a tsiyayo ɗan man a farar kwalba a ajiye. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa ka gan shi da layinsa. A dai guji zuƙa da baki.

Wajen wuta, damina ce mai kawo ƙorafi. A watan Agusta, ko bayan masu wanki sun feshe inji da ruwa mai ƙarfi, ruwa yakan kwanta a ramin fulogi ko ya shiga soket ɗin kwayil. A zare a busar, shi ke nan. Amma wanda ya kutsa cikin ruwan da ya kwanta a hanya motar ta mutu a ciki, kada ya kuskura ya murɗa makulli. Buɗe gidan iyakilina, wato matatar iska. In ka tarar da shi sharkaf, inji ya sha ruwa. Ruwa ba ya matsuwa, murɗa ɗaya tana iya lanƙwasa sandar fistin, aikin kwance fulogi da sauya baƙin mai ya koma na sauke inji. A nemo janwe. Zuba fetur a bakin iska kuwa, wanda yaran gareji ke yi da murfin gora, don Allah ku bari. In inji ya yi tari ta baya, fuskar mai zubawa ce a wurin. Masu ajiye mota kusa da ɗakin hatsi, musamman bayan an kawo masara gida, su leƙa da tocila: ɓera yana son ɗumin inji da dare, yana kuma gwaguyar waya. Kashinsa da ɓawon gyaɗa a kan inji sun isa shaida.

Ƙarar da nake so ku fi tsoro ita ce ta injin da ke juyawa da sauri fiye da kullum, sakayau, kamar keken ɗinki, balle in motar tana cikin tafiya ne ta mutu farat ɗaya. Alamar taimin bel ya tsinke ke nan. Ɗauke hannunka daga makulli. A injuna da yawa fistin yana dukan bawul ya lanƙwasa su, kowace murɗa ƙarin ɓarna ce. Peugeot 406 bel gare ta. Corolla mai fetur ta 2003 zuwa sama sarƙa ce. San wanne ne a taka, kuma in 'yar Kwatano ce ko ta hannu, ba ka san ranar da aka sauya bel ɗin ba, sauya shi tun motar tana ƙofar gida.

Wadda ke kamawa ta mutu ba zan daɗe a kanta ba: ko makullin nan ne da kwamfuta ba ta gane ba, ko famfo ya yi rauni, ko ƙurar hunturu ta toshe iyakilina ta daskare a maƙogwaron totur, ko wata robar iska ta cire.

Duk wannan bayani don ku iya magana da bakanike ne, ba don ku ƙwace masa sana'a ba. A ce ka kira ka ce: "Oga, barka da asuba. Motar tana juyawa da ƙarfi amma ba ta kamawa. Fitilu lafiya. Ban ji ƙarar famfo ba, na duba fis yana nan. Jiya da yamma na sha rabin tanki a gidan mai." Wanda aka yi wa wannan bayani zai taho da rile da fitilar gwaji, ba zai zo hannu rabbana ya koma ɗauko kaya ba. Ya kuma san mai maganar ba wanda za a ce wa birenbos ya tafi a wuce wurin ba ne. Yawancin kanikawanmu ba macuta ba ne. Canke ne ya yi wa sana'ar katutu, kuma mu masu mota da hannunmu a ciki, don mun fi son biyan kuɗin kaya a kan kuɗin bincike. Mutum ya ɓata awa biyu yana bin waya har ya gano inda ta tsinke, sai a ce ai ba abin da ya sauya, a miƙa masa na shan ruwa. Gobe ba zai bi waya ba, cewa zai yi a sayo famfo. Ku biya mai bincike hakkinsa. Ku tambaya cikin ladabi: "Oga, me ka gwada ka ga shi ne?" In an sauya abu a ba ku tsohon, kada kuma a sauya biyu a lokaci ɗaya. Sannan ku san ƙofar da za ku ƙwanƙwasa: kik da caji da fis aikin mai wayarin ne, ba na mai kwance inji ba.

Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun 1996, da masu fetur na Turai tun 2001, suna da wani soket mai rami 16 a ƙasan sitiyari, inda ake jona na'urar da ke karanta abin da kwamfuta ta rubuta. Akwai ƙanana ma masu aiki da wayar hannu. Lamba P0335, alal misali, tana nuna layin sensar da ke gaya wa kwamfuta inji na juyawa. Ita ce sau da yawa ke sa mota ta yi zafi, ka tsaya sayayya a PZ, ka dawo ta ƙi kamawa, bayan rabin awa ta tashi da kanta. Amma lambar layi kawai ta nuna. Wayar ce ɓera ya ci, ko soket ne ya saki, ko sensar ce, sai an gwada. Wanda ya goge lambar fitila ta mutu ya ce an gyara, rufa-ido ya yi maka.

Ku yaran gareji, nan abincinku yake nan gaba. A kan hanyar Basawan nan Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya take, wadda aka kafa a 1986. Ga Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962 da tsangayar injiniyancinta a Samaru. Duk da haka sai ka ga ɗalibi ya haddace lissafin lantarki bai taɓa kwance kan batir ba, yaron gareji kuma yana gane kik da ƙararsa amma zanen wayarin ya gagare shi. Ɗalibi, in lokacin koyon aiki ya zo, je gareji ka gaida Oga da ladabi ka ɓata hannunka. Yaron gareji, kada ka yar da boko. Koyi karanta lamba da zane da mita, ɗalibin nan ma zai iya nuna maka. Masu kwance inji ba a rasa su ba, daga Sabon Gari har Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano. Mai gano laifi kafin a kwance shi ake nema.

Ke kuma ƙanwata, a duk abin da na lissafa babu wanda ya fi ƙarfin hannunki. Ajiye sifana 10 da tocila da wayar jonawa mai kauri a but, sirara zafi kawai take yi. In a kan titi ta mutu, kunna fitilun gargaɗi, a tura ta gefe, fasinja su fito su yi nesa da kwalta, a ajiye alamar nan mai kusurwa uku can baya. Ganye da duwatsun da muke jerawa, direban tirela ba ya ganinsu cikin hazo, in an tafi kuma a bar wa mai babur tarko. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122.

In Allah Ya sa ta tashi bayan an jona ko an tura, da sauran aiki. Ɗora mita a kan batir inji na aiki: tsakanin 13.5 da 14.5 ake so. Ƙasa da 13, altaneta ba ta caji ko fanbel ya saki, gobe za a maimaita. Sama da 15, dafa batirin take yi. In caji lafiya amma kullum da safe batir ya zube, wani abu ne ke shan wuta da dare, fitilar but ce ko rediyo ko na'urar bin sawu da aka jona kai tsaye. Kwance baƙin kai ka kwana. In da safe ka mayar ta tashi, ɓarawon yana cikin motar, sai mai wayarin ya bi fis ɗaya bayan ɗaya. Batir mai murafe in ruwansa ya yi ƙasa, tataccen ruwan batir ake ƙara masa, ba asid ba, ba na rijiya ba. In kuma sabo ka saya, karɓi rasit, ka rubuta kwanan watan a jikinsa da fenti.